Daga Filin Firamare Zuwa Babbar Ƙungiya: Yadda Ake Ɗaukar Matashin Ɗan Ƙwallo a Karkarar Kano ta Arewa

Ɗaukar matashin ɗan wasa shi ne matakin da wata ƙungiya ko makaranta ke bi ta gano yaro mai baiwa, ta gwada shi, ta shawo kansa da kan iyayensa, sannan ta rubuta sunansa cikin 'yan wasanta kafin wata ta riga ta. A duk inda wasa ya zama sana'a, a wannan mataki ne ake yanke makomar yaro: wanda zai horar da shi, inda zai kwana, da ko zai ci gaba da karatu ko zai ajiye littafi. Ƙasashe sun bambanta wajen hannun da suke damƙa wa wannan aiki. A Amurka makarantu ne ke riƙe da shi, tun daga sakandare har jami'a. A Najeriya kuwa, musamman a garuruwan noma na arewacin Jihar Kano irin su Bichi, Ɗambatta, Ɓagwai, Tsanyawa, Makoɗa da Dawakin Tofa, aikin yana hannun kocin unguwa, da makarantun koyon ƙwallo na birni, da dillalan 'yan wasa. Sanin yadda kowane tsari yake tafiya zai taimaki uban da ɗansa ya fara suna a fili, domin shi ne za a zo wa da magana.

Yadda abin yake a Amurka

Wasan da Amurkawa suka fi ƙauna daban yake da tamaular da aka sani a ƙasar Hausa. Ƙwallonsu mai tsini biyu ce, da hannu ake ɗaukar ta, kuma 'yan wasa sukan sa kwalkwali da sulken kafaɗa saboda yawan karo. Kowane ɓangare yana da mutum 11. Ana ba masu kai hari dama huɗu su ci gaba da yadi 10, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Cikin masu kai harin akwai ɗan wasan da ke tsayawa a baya, a miƙa masa ƙwallo ya ruga da ita ya keta tsakanin ƙattai. Ana so ya haɗa gudu da ƙarfin cinya da iya zille wa mai kamu, shi ya sa idan jami'a ta samu irin wannan yaro daga sakandare, jaridun wasanni sukan ɗauki labarin kamar an sayi babban ɗan wasa.

Dalilin wannan ɗoki shi ne ƙwallon jami'o'i babbar harka ce a can. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 107,000. Jami'o'i sama da 130 ne ke fafatawa a rukuni mafi girma, a ƙarƙashin hukumar NCAA. Babbar gasar ƙwararru ta NFL kuma ba ta ɗaukar ɗan wasa sai ya cika shekara uku da barin sakandare, saboda haka kusan duk mai son kaiwa can sai ya bi ta jami'a.

Zawarcin yaro yakan fara tun yana da sauran shekara biyu ko uku ya gama sakandare. Ana ɗaukar wasanninsa a bidiyo, ana auna tsawonsa da nauyinsa da saurinsa a tseren yadi 40. Kamfanoni irin su Rivals da 247Sports sukan ba shi taurari, biyar ga wanda ya fi fice. Jami'o'i su aiko masa da tayin karatu kyauta, su gayyace shi da iyayensa su zo su ga ɗakunan kwana da na karatu da wurin atisaye, babban koci ma yakan taka har gida ya zauna da uwa da uba. Daga nan yaro ya bayyana jami'ar da ya zaɓa. Wannan alkawarin baki ne, ana iya warware shi, kuma ana yawan warwarewa. Magana ba ta tabbata sai ranar sa hannu, wadda bisa al'ada take faɗowa a Larabar farko ta watan Fabrairu, kodayake tun 2017 an buɗe wata ƙofar a watan Disamba, kuma yawancin yara yanzu a lokacin suke sa hannu.

Abin da ya fi muhimmanci a tsarin shi ne sharaɗin karatu. Yaron da bai ci darussa 16 da aka ƙayyade a sakandare da makin da ake bukata ba, ba zai buga wa babbar jami'a wasa a shekararsa ta farko ba, komai gudunsa. Wannan ya sa kocin sakandare yake bibiyar sakamakon jarrabawar yaransa kamar yadda yake bibiyar atisayensu. Hikimar a fili take: cikin 'yan wasan jami'o'i, waɗanda ke samun shiga NFL ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Sauran abin da suke fita da shi ilimi ne. Tun daga Yulin 2021 an kuma yarda ɗan wasan jami'a ya karɓi kuɗin talla da sunansa, sannan a 2025 kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasansu kai tsaye.

Ɗan Najeriyar da ya fi shahara a wannan gurbi na rugawa da ƙwallo shi ne Christian Okoye, haifaffen Inugu. Ya tafi Jami'ar Azusa Pacific a 1982 a matsayin ɗan wasan jifa, bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba sai da ya je can. Ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 1987, a 1989 kuma ya fi kowa cin yadi da gudu a NFL, da yadi 1,480. Makaranta ce ta kai shi, makaranta ce ta gano baiwar da shi kansa bai san yana da ita ba.

Tsarin yana da nasa aibi. Yawan karo yana jawo raunin ƙwaƙwalwa da na gwiwa, masu rugawa da ƙwallo suna cikin waɗanda ba sa daɗewa a sana'ar, kuma kuɗi ya shiga zawarcin yara har ya fara rinjayar karatun. Duk da haka, yaron da aka ɗauka ya san sunan makarantar da za shi, iyayensa sun ga wurin da idonsu, kuma akwai hukumar da za a kai wa ƙara.

Inda yaron karkara yake farawa

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren noma mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Daga Dawanau zuwa Bichi, ko daga Ungogo zuwa Ɗambatta, da wuya ido ya sauka a kan saura. Gona tana manne da gona, ana noma ta kowace shekara da taimakon takin gida, gado kuma yana ƙara yanka ta ƙanana. Wannan yana da tasiri kai tsaye ga ƙwallo, domin ƙasar da za ta ba da gero da dawa da wake da gyaɗa ba a barin ta ga yara su tattake. Fili na dindindin a yawancin ƙauyuka shi ne na makarantar firamare, sai filin idi a wasu wurare. Idan makarantar ta samu ƙarin ajujuwa ko aka yanka gefenta aka yi shaguna, filin ƙwallon gari ne ya ragu.

Lokacin wasa ma noma ne yake tsara shi. Da damina yaro yana gona daga safe, shuka da noman fari da maimai ba sa jiran kowa, in ya samu buga ƙwallo sai bayan la'asar da ragowar ƙarfinsa. Bayan kaka, idan an kwashe amfani an tattara kara, gonaki sukan zama filaye na wucin gadi, a kafa sanduna biyu a yi raga. A wannan lokaci ne gasanni suke yawa, kuma a lokacin ne wasu samarin suke tafiya cin rani birni ko kudu, wasu kuma suke komawa noman rani a bakin madatsun ruwa irin na Watari da Tomas. Ƙungiyar ƙauye takan rasa gwanayenta daidai lokacin da take bukatar su.

Mutumin farko da ke gano yaro shi ne kocin unguwa. Galibi tsohon ɗan wasa ne da bai yi nisa ba, ko malamin firamare, ko tela, ko ɗan acaɓa mai son abin. Ba shi da albashi. Shi yake haɗa karo-karon sayen ƙwallo da riguna, shi yake neman mota idan za a je wasa wani gari, shi kuma yake zuwa zaure ya roƙi uba ya bar ɗansa ya bi su. Wannan roƙo ba ƙaramin aiki ba ne, domin magidanci da yawa suna ganin ƙwallo hanyar shashanci ce da ke raba yaro da gona da makarantar allo da sallar magariba. Tsoron nasu yana da tushe, tunda sun ga samarin da suka bar komai saboda ƙwallo suka tashi a tutar babu. Kocin da ya san aikinsa yakan tsayar da wasa idan an kira salla, ya kori yaron da ya gudo daga aji, da haka yake samun amincewar gari.

Gasannin da ake bugawa a wannan mataki yawanci na masu hannu da shuni ne da 'yan siyasa: kofin shugaban ƙaramar hukuma, kofin kansila, kofin ɗan majalisa, ko wanda ake sa wa sunan hakimi. Suna tara jama'a sosai, musamman a bukukuwan salla, kuma ta nan ne sunan yaro yake fita daga ƙauyensu. Rauninsu shi ne ba su da tabbas. Gasar da aka yi bana ana iya rasa ta baɗi idan zaɓe ya wuce, kuma ba a ajiye rubutaccen tarihin wanda ya buga, da shekarunsa, da ƙwallayen da ya ci. Yaro zai iya haskakawa shekara uku a jere ba tare da wata takarda da ke shaida hakan ba.

A da, makarantun sakandare ne ke cike wannan giɓi. Gasar gidaje ta cikin makaranta, da ta tsakanin makarantu, da kofin shugabannin sakandare, su ne suka riƙa fito da 'yan wasan da jihohi ke alfahari da su, kuma makarantun kwana suna da malamin wasanni da fili da lokacin motsa jiki a jadawali. Yau yawancin yaran karkara makarantun jeka-ka-dawo suke zuwa, ajujuwa sun cika, kuɗin wasanni kuwa shi ake fara yankewa idan aljihu ya yi zafi. Sakamakon haka, hanyar ƙwallo da hanyar karatu sun rabu tun yaro yana ɗan shekara 13 ko 14, kuma wannan rabuwa ita ce babbar illar da ke cikin harkar.

Hanyar birni

Yaron da sunansa ya fita, birnin Kano yake nufa. A can ne ake da ƙungiyoyin matasa masu rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, da makarantun koyon ƙwallo masu zaman kansu, da gasannin rukuni-rukuni da ake hawa daki-daki. Tsanin ƙasa yana da hawa uku: gasar NLO ta ƙananan ƙungiyoyi, sai NNL, sai Firimiyar Najeriya a sama. Shiga kowace ƙungiya sai an bi ta tantancewa, inda ake tara yara masu yawa a fili ɗaya, a raba su, kowa ya samu 'yan mintoci ya nuna abin da ya iya. Ɗan birni yana zuwa daga gidansu da ƙafa ko a adaidaita. Ɗan Shanono ko Kunci kuwa sai ya nemi kuɗin mota, da wurin kwana a gidan dangi, da abin da zai ci, da takalmin ƙwallo wanda wataƙila aro ne. Da yawa a nan suke tsayawa, ba don an fi su iyawa ba.

Kano tana da wata babbar kasuwar baje kolin matasa, wato Kofin Ramat, gasar 'yan ƙasa da shekara 16 da ƙungiyar wasannin matasa ta YSFON take shiryawa don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Jihohi sukan turo tawagoginsu, masu farautar 'yan wasa kuma su zauna a gefe suna rubuta lambobin riguna. Birnin ya kuma karɓi manyan gasanni a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata: Kofin Duniya na 'yan ƙasa da 20 a 1999, Kofin Afirka a 2000, da Kofin Duniya na 'yan ƙasa da 17 a 2009.

Burin yawancin yaran jihar shi ne rigar Kano Pillars, Sai Masu Gida. An kafa ta a 1990, ta ci Firimiyar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar, ta kuma ɗauki kofin ƙalubale a 2019. Misalin da ya fi kowane fito da amfanin ɗaukar yaro a kan lokaci shi ne na Ahmed Musa. A Jos ya taso, ya bi ta makarantar ƙwallo ta GBS da ƙungiyar JUTH, sannan Pillars ta same shi yana ɗan shekara 17. A kakar 2009 zuwa 2010 ya ci ƙwallo 18, ya karya tarihin 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta neme shi, amma sai da aka jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga mata. Daga nan ya wuce CSKA Moscow a 2012, Leicester City a 2016, ya ci ƙwallo biyu-biyu a Kofin Duniya na 2014 da na 2018. Ya bi tsanin hawa-hawa, kowace ƙungiya ta san daga inda ta karɓe shi.

Akwai wasu hanyoyin. Musa Muhammed, ɗan Kano, daga makarantar koyon ƙwallo ya shiga tawagar ƙasa ta 'yan ƙasa da 17, ya zama kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin duniya a Abu Dhabi a 2013 a ƙarƙashin koci Manu Garba, bayan sun ci Meziko 3 da nema. Alhassan Yusuf, shi ma ɗan Kano, ya tafi IFK Göteborg ta Suwidin a 2018, ya koma Royal Antwerp ta Beljiyam a 2021, ya buga wa Najeriya Kofin Afirka a farkon 2024. Wanda labarinsa ya fi kusa da na ɗan karkara shi ne Zaidu Sanusi na Jega a Jihar Kebbi. Ya fara a garinsu, ya shafe shekaru a ƙananan ƙungiyoyin Fotugal, FC Porto ta ɗauke shi a 2020, kuma ƙwallon da ya ci Benfica a watan Mayun 2022 ce ta tabbatar wa Porto kofin ƙasar. Waɗannan sunaye ne ake ambata a gidajen kallon ƙwallo na Bichi da Gwarzo. Waɗanda suka bi hanya ɗaya suka dawo hannu rabbana sun ninka su sau da yawa, sai dai ba a ba da labarinsu.

A 'yan shekarun nan an samu sauyi a yankin kansa. Sanata Barau Jibrin, mai wakiltar Kano ta Arewa, ya kafa Barau FC a 2024, ƙungiyar ta ɗauki Ɗambatta a matsayin gida, a 2025 kuma ta haura Firimiyar Najeriya. Hakan ya kawo babbar ƙungiya kusa da ƙananan hukumomi 13 na mazaɓar. Amfaninta ga ɗan ƙauye zai dogara ne a kan ko za ta riƙe ƙungiyoyin yara na dindindin ta riƙa zagaya makarantu, domin ƙungiyar da ke neman tsira a Firimiya takan fi karkata ga sayen gogaggun 'yan wasa daga ko'ina.

Shekaru, takarda da dillali

Tambayar farko da ake yi wa matashin ɗan wasa ita ce shekarunsa, kuma a nan ne ɗan karkara ya fi rauni. Haihuwa da yawa a gida ake yin ta, ba a kai sunan jariri ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, sai ya girma a je kotu a yi takardar rantsuwa. Wannan ya buɗe ƙofar rage shekaru, abin da ya daɗe yana zubar da mutuncin ƙwallon Najeriya. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da ƙasar daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa. Tun 2009 ake amfani da na'urar MRI a ɗauki hoton ƙashin wuyan hannu, a duba ko ya gama haɗewa, domin tantance 'yan ƙasa da 17. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da Najeriya, wadda a lokacin take riƙe da kofin duniya.

Rage shekaru zalunci ne ga yaron da shekarunsa na gaskiya ne. Ɗan shekara 15 da aka haɗa da ɗan 20 a tantancewa ɗaya dole ya zama kamar bai iya ba, a sallame shi, alhali shi ne mai sauran girma a gaba. Maganin yana da sauƙi kuma a hannun iyaye yake: takardar haihuwa tun yaro yana jariri, da rajistar firamare, da lambar NIN, duk su zo da rana ɗaya. Makaranta a nan shaida ce da babu kamarta, domin yaron da aka san shekarar da ya shiga aji ɗaya ba a yi masa gardamar shekaru.

Sai maganar dillali. Akwai na gaskiya masu lasisi, akwai kuma masu yawo da hotunan da suka ɗauka da wasu Turawa, suna cewa sun samo wa yaro gwaji a Turai ko ƙasashen Larabawa, a kawo kuɗin fasfo da biza da jirgi. A yankin da dukiyar gida ita ce gona da dabba, wannan kuɗi daga jinginar da gona ko sayar da shanun huɗa yake fitowa. Ya kamata kowane uba ya san cewa dokar FIFA, a sashe na 19 na ƙa'idojin sauya sheƙa, ta hana kai ɗan wasan da bai cika 18 ba wata ƙasa, in ban da 'yan dalilai ƙalilan, kamar iyaye su ƙaura saboda abin da bai shafi ƙwallo ba. Dokar tana da haƙori: an hukunta Barcelona a 2014 da Chelsea a 2019, a 2021 kuma FIFA ta hukunta Spezia ta Italiya a kan yaran da aka kai daga Najeriya. Duk wanda ya ce zai fitar da ɗan shekara 15 ya sa shi a ƙungiyar waje, ko dai bai san doka ba ko yana shirin taka ta, kuma yaron ne zai kwana a ciki. A 2015 an bankaɗo yadda aka kwashi yara daga Afirka ta Yamma zuwa wata ƙungiya a Laos, suna kwana a ƙasa cikin ginin filin wasa. Ƙungiyar da take son ɗan wasa da gaske ita take aiko da takardar gayyata mai sunanta, kuma ba ta neman kuɗi daga hannun iyaye.

Wata illar ita ce takardar da ake sa uba ya dangwala wa hannu, an rubuta ta da Turancin lauyoyi, tana mallaka wa wani mutum makomar yaro na shekaru masu yawa a kan kuɗi kaɗan. Wannan daidai yake da sayar da gero tun yana tsaye a gona saboda matsin damina: an samu na cefanen yau, amfanin kaka ya zama na wani. Kada a sa hannu sai wanda ya san doka ya karanta ya fassara, kuma a riƙe kwafi a gida.

Kocin unguwa ma yana da haƙƙin da galibi bai san da shi ba. A tsarin FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Akwai kuma ladan horarwa da ake biya idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko. Sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance mai rajista, yaron kuma sunansa ya shiga kundin hukuma a lokacin da yake wurinta. Ƙungiyar ƙauyen da ta raini yaro shekara huɗu ba tare da rajista ba, ba ta da abin da za ta nema, kuɗin yakan tafi ga wadda ta karɓe shi daga baya ta rubuta sunansa.

Gurbin manyan makarantu

Najeriya tana da gasannin manyan makarantu. Akwai NUGA ta jami'o'i wadda ta faro a 1966, da NIPOGA ta kwalejojin kimiyya da fasaha, da NICEGA ta kwalejojin ilimi, sannan a 2018 aka ƙaddamar da gasar ƙwallon ƙafa ta HiFL. Bambancinsu da na Amurka shi ne makarantun ba sa fita neman ɗan wasa daga sakandare. Suna jiran wanda JAMB ta kawo, su zaɓi masu iya taka leda a ciki. Manyan ƙungiyoyi ma ba sa kallon jami'a a matsayin wurin samun 'yan wasa, tunda a ƙwallon ƙafa ana son yaro ya shiga hannun ƙwararru tun kafin ya kai 20. Saboda haka ba za a iya kwafo tsarin Amurka dungurungum ba, kuma ba a bukatar hakan.

Abin da za a iya ɗauka shi ne ƙulla wasa da aji. Kano ta Arewa tana da wuraren da za su iya riƙe wannan aiki: Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Ɗambatta, da tsofaffin makarantun sakandare irin ta kimiyya da ke Dawakin Tofa, ga Jami'ar Bayero a birni. Gasar sakandare da za a riƙa bugawa kowace shekara bayan kaka, daga matakin ƙaramar hukuma zuwa na shiyya, wadda ba a shigarta sai da katin makaranta da shaidar halartar aji, za ta magance matsala uku a lokaci ɗaya: za ta tabbatar da shekaru, ta samar da rubutaccen tarihin kowane yaro, ta kuma ba masu farautar 'yan wasa wuri ɗaya da za su zo a gaban malamai da iyaye. Idan kwalejojin suka ware 'yan gurabe da sassaucin kuɗin makaranta ga waɗanda suka yi fice kuma suka cika sharaɗin shiga, yaron da ƙwallo ba ta karɓe shi ba zai fita da takardar koyarwa ko ta aikin gona.

Wannan aiki ne na Ma'aikatar Ilimi, da hukumar wasanni ta jiha, da shugabannin ƙananan hukumomi, da masu kuɗin da ke sa kofuna. Kuɗin da ake kashewa a gasar mako biyu ta kakar zaɓe zai iya ɗaukar gasar makarantu ta shekara guda. Kafin hakan ta samu, nauyin yana kan iyaye da kocin unguwa: a yi wa yaro takardar haihuwa, a yi wa ƙungiya rajista, kada a biya kowa kuɗin gwaji a ƙasar waje, kuma kada a bari ya bar makaranta kafin ya rubuta jarrabawar kammala sakandare.